Igiya, Allon Katako ko Gilashi: Da Wanne Za Ka Rataye Kolaj ɗinka a Damagaram?

Wanda ya fara aikin kolaj, wato yanka takardu da ƙyallaye da guntayen fata a liƙa su a shafi ɗaya su ba da wata sura, ba ya jimawa yake gane cewa kayan aikin ba su ke cin kuɗi ba. Tela zai cika maka leda da tarkacen atamfa da shadda, har ya gode maka da ka rage masa shara. Dukawa suna zubar da guntayen jar fata da koriya. Kwalin sukari, kwalin shayi, katin waya da aka kankare, tsohuwar kalanda, takardar buhun siminti, duk suna nan a gida ko a ƙofar gida. Almakashi da reza da gam ne kawai za ka saya.

Inda ake tsayawa ana jinjina shi ne bayan an gama. Aiki ya yi kyau, kana so a gani, amma firam mai gilashi ya fi kuɗin duk abin da ka kashe sau da yawa, kuma ba guda ɗaya ka yi ba. Sai a ajiye su ƙarƙashin katifa ko a cikin akwati, ko kuma a manna su a bango da salatif, wata biyu su lalace. Hanyoyi shida ne ake bi a garin nan, kuma ni dai a ganina gilashi ba shi ne sarkinsu ba, ko da yake shi kowa ke fara hange.

Abin da za a auna kafin a zaɓa

Na farko, kuma wanda ya fi kuɗi muhimmanci, shi ne irin bangon da kake da shi. Ɗakin ƙasa a Birni ko Zango daban yake da ɗakin siminti a sababbin unguwanni. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙaramar ƙusa idan an ɗora mata nauyi. Tana nan yau, gobe yaɓen ya ɓarke ta zo ƙasa da abin da ke jikinta. Yana kuma shan laima da damina, kuma ta cikinsa gara ke bi. Duk wanda ya taɓa ɗaga kalandar da ta shekara a jikin irin wannan bango ya san abin da ake tararwa: siririyar hanyar laka ta taso daga ƙasa, ta shiga bayan takardar, fuskar na nan lafiya amma bayan ya zama gari. Bangon siminti ba shi da wannan matsalar sosai, sai dai ƙusar katako lanƙwashewa take yi a jikinsa, dole sai ƙusar kankare ko a huda da inji. Idan kuma gidan haya ne, kowane rami da ka yi magana ce da mai gida ranar tashi.

Na biyu, yanayi. Takarda abu ce mai shan danshi tana kumbura, tana bushewa tana tsukewa, kuma a nan muna ba ta duka biyun da ƙarfi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da komai, ƙura mai laushi tana shiga ko'ina ko da an rufe ƙofa da taga. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka, gam ɗin salatif yana narkewa. Sannan Yuli da Agusta su kawo mafi yawan ruwan shekara a ɗan lokaci, iska ta yi nauyi, takardar da ta ƙame ta saki jiki ta yi tudu da kwari. Hanyar da ta jure ɗaya daga cikin waɗannan ukun ba lalle ta jure sauran ba.

Na uku, tsawon zaman da kake so aikin ya yi. Mai koyo yana yin abubuwa da yawa, kuma gaskiya yawancinsu gwaji ne. Bayan wata uku shi da kansa ba ya son ganinsu. Ɓarna ce a yi wa irin wannan firam. Akwai kuma ɗaya ko biyu da ka san za ka so jikokinka su gani.

Na huɗu, kaurin aikin. Kolaj na takarda zalla a shimfiɗe yake. Wanda aka sa wa fata, maɓalli, zare, wuri ko kaba yana da tudu, kuma wannan kaɗai yana fitar da hanyoyi biyu daga lissafi.

Sai kuɗi, sauƙin yi da hannunka, da haɗari: yara, fashewar gilashi, da ko za a iya cire aikin daga baya ba tare da ya yage ba. Game da farashi, yawancin gam da firam da filawud (siririn allon kafintoci) na kasuwar Dole daga Kano suke shigowa, don haka suna hawa da sauka da canjin naira. Abin da ba ya canzawa shi ne wanne ya fi wanne tsada, kuma a haka zan jera su.

Gam ɗin da ka yi aiki da shi ya riga ya yanke rabin hukunci

Kafin a je bango, a tsaya nan kaɗan, domin sau da yawa ana ɗora wa firam laifin gam. Kokon sitaci, na rogo ko na alkama, shi ne mafi arha, kuma ba abin raini ba ne: masu gyaran tsofaffin takardu a gidajen tarihi na duniya da kokon sitacin alkama suke aiki, saboda ana iya jiƙa shi a ɓamɓare ba tare da an cuci takarda ba. Illarsa a wurinmu ita ce abinci ne. Kyankyasai da gara da ɓeraye suna jin ƙanshinsa. Ƙaro, wanda malamai ke sa wa tawada, yana kama siririyar takarda da kyau, amma da hunturu yana ƙamewa ya tsattsage, ruwa kuma yana narkar da shi. Farin gam na kafintoci, idan an ɗan tsinka shi da ruwa, shi ya fi dacewa da yawancin aiki: yana kama takarda da ƙyalle da fata, yana bushewa garau, ƙwari ba su damu da shi ba. Gam mai wari na masu takalmi yana riƙe fata sosai, amma yana ɓata takarda da rawaya. Salatif kuwa a nisanta shi da fuskar aiki. Bayan shekara ledar ta faɗi, ta bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita.

Saboda haka aikin da aka yi da sitaci ko ƙaro yana buƙatar rufi ko nisa da bango. Wanda aka yi da farin gam ya fi haƙuri da zama a buɗe.

Mannawa kai tsaye a bango

Ba ta cin ko dala, kuma ba ta da wani abin yabo bayan wannan. A bangon fenti salatif yana tafiya da fentin, a na farar ƙasa ba ya ma kamawa. Takarda tana manne da bango, wato tana shan duk laimar da ke cikinsa. Ta yi daidai da ranar suna ko biki, a cire washegari.

Igiya da maƙalan shanya

Ƙusa biyu, igiya ko siririyar waya a miƙe tsakaninsu, sai a riƙa maƙala ayyuka da maƙalan shanya. Duka ba za su kai jika ɗaya ba, kuma igiya mai tsawon mita 2 tana ɗaukar shafi biyar ko shida masu girman A4, wanda faɗinsa santimita 21 ne. A ɗakin ƙasa ba ma sai an taɓa bango ba, a ɗaura wayar a azara.

Kada wani ya ce wannan hanyar talaka ce kawai. Matisse, mai zanen nan na Faransa, da rashin lafiya ta zaunar da shi bayan tiyatar da aka yi masa a 1941, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi, mataimakansa suna kafa su da fil a bangon ɗakinsa, yana kallo yana sa a matsar da wannan a sauya wancan. Amfanin igiya ke nan ga mai koyo: kana ganin aikinka kullum daga nesa, kana gane inda launi ya yi yawa, kana saukewa ka gyara.

Rauninta a fili yake. Babu abin da ke tsare ƙura. Shafi mara kauri yana naɗewa da hunturu. Kusurwoyin ƙasa ne ke fara ɗagowa, sai ka ga ya zama kamar kilishi a rana. Maganin wannan shi ne a liƙa aikin a kan kwali mai kauri tun farko, a kuma liƙa wata takarda a bayan kwalin, don ɓangarorin biyu su ja daidai. Maƙalin roba yana karyewa da zafi, na ƙarfe yana barin tsatsa da damina, na katako ya fi, musamman idan an sa ɗan guntun takarda tsakanin bakinsa da aikin. Fanka ma tana kaɗa su. Ƙarkonta wata biyu zuwa kaka ɗaya, daga nan a sauya.

Sa leda a inji

Wannan ita ce hanyar da ta fi jan mutane, kuma ita nake so a fi yin hattara da ita. Masu shagon fotokwafi suna rufe takarda da leda kamar yadda ake yi wa takardar haihuwa da katin shaida. Kuɗin shafi ɗaya bai kai jika ba, minti biyar an gama, ƙura da ruwa da yatsun yara duk an huta da su. A goge da ɗanyen tsumma, shi ke nan.

Amma ledar narkewa take yi ta haɗe da takardar, babu ranar rabuwa. Injin yana aiki da zafi mai yawa, kuma akwai abubuwan da ba sa jurewa: rasit na irin takardar nan mai santsi da injin kanti ke fitarwa yana komawa baƙi ƙirin, kalar kakin zuma ta yara tana narkewa ta bazu, busasshen ganye yana dagargajewa. Duk inda ƙyalle ya hau kan takarda ana samun tudu, gefen tudun kuma iska ce ke maƙalewa, ta bar farin zobe. Fata ba ta ma shiga. Sannan, kuma wannan shi ne ya fi damuna, leda tana kashe abin da ya sa kolaj ya zama kolaj. Ido yana son ya ga bambancin kaushin takardar siminti da santsin shadda. Da an rufe su duka suka zama ƙyalli iri ɗaya.

Akwai dabara mai kyau a nan: a yi wa aikin fotokwafi mai kala, a sa wa kwafin leda a rataye a zaure ko shago ko kicin, asalin kuma a adana shi tsakanin kwali biyu. Ga aikin yara na lakwal, wanda za a riƙa ɗauka ana nuna wa baƙi, leda ba ta da laifi.

Faifai, tabarma da asabari

Nan kuma ana amfani da abin da ɗakunanmu suka saba da shi. Ai iyayenmu mata sun daɗe suna jera faya-fayai a bango, kuma garin da magina suka yi wa fuskar gidajen Birni zane na tudu ba baƙo ba ne ga ado a bango. A yanka kolaj da'ira a kan kwali, a ɗinke shi a tsakiyar faifai da zare da basilla a wuri huɗu, gefen faifan ya zama firam. Ko a rataye ƙaramar tabarmar kaba ko asabari, a riƙa soka ayyuka da fil ko a ɗaure su da zare.

Kuɗinsa na tsakiya ne, ya fi igiya, bai kai katako ba. Ba shi da nauyi, don haka ko bangon ƙasa yana ɗaukarsa. Kaba tana numfashi, iska na ratsa bayan aikin, kuma wannan taimako ne da damina. Picasso ma, shahararren mai zanen nan, a 1912, shekarar da shi da abokin aikinsa Braque suka fara shigar da liƙe-liƙe cikin zane, igiya ya zagaya wa wani ƙaramin aikinsa a maimakon firam.

Matsala biyu ce. Saƙar kaba matattarar ƙura ce, sai an riƙa saukewa ana kaɗewa, kuma gara tana son ta. Ta biyu ta ido ce: faifai mai rini ja da kore da shuɗi yana gasa da aikin. Kolaj mai launi da yawa yana son faifai fari mara ado. Mai launi ɗaya ko biyu, irin na takardar siminti da baƙar tawada, shi ne ke tashi a kan mai rini.

Allon katako da banish

A nan zan ɗan daɗe, don ita ce hanyar da nake ganin ta fi dacewa da garinmu ga aikin da ake so ya zauna.

Ana nufin filawud, siririn allon da kafintoci ke yin silin da bayan kabad da shi. Cikakken falle yana da santimita 122 a faɗi, 244 a tsawo, kuma yana fitar da alluna 20 masu girman A3, wato ninkin A4. Idan mutum uku ko huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi falle ɗaya, kuɗin kowane allo ya zama ɗan kaɗan. Wanda ke son biyu ko uku kawai, ya je wurin kafintan unguwa ya ce, “Maigida, ko akwai guntayen da suka rage a taimaka mini?” Sau da yawa kuɗin yanka kaɗai zai karɓa. Kauri milimita 4 ko 5 ya isa. A guji allon nan na garin katako da aka matse, domin da ya sha laima sai ya kumbura ya ruɓe daga gefe.

Yadda ake yi shi ne a goge allon da takardar yashi, a shafe shi da tsinkakken farin gam gaba da baya. Bayan yana da muhimmanci: allon da aka shafe fuska ɗaya yana lanƙwashewa. A liƙa aikin kai tsaye a kai, ko a gina shi a kai tun daga farko, a danne da littattafai ya kwana. Sai a bi fuskar da tsinkakken gam sau biyu, kowanne ya bushe, kafin a kawo banish, wato ruwan ƙyallin nan da kafintoci ke shafa wa katako. Wanda ya tsallake wannan matakin zai ga abin mamaki: banish yana ratsa siririyar takarda kamar jarida ya mai da ita shara-shara, rubutun da ke bayan shafin ya fito ta gaba ya ɓata hoton. A fara gwadawa a kan guntu. Banish na katako yana kuma ƙara ɗan rawaya, wanda yake yi wa fata da takardar siminti kyau, amma yana dusashe fari da shuɗi.

Lokacin shafawa ma abin lura ne. Ranar da hazo ya sauka ba ranar banish ba ce, duk ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen banish ta zauna ke nan. A zaɓi safiyar da iska ta kwanta, a yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, a shafa, a kifa babban kwali a kai. Warinsa yana da ƙarfi, kada a yi a ɗakin da yara ke kwana.

Abu na ƙarshe, a sa kafinta ya buga ƴan sanduna biyu a bayan allon. Suna hana shi lanƙwashewa, suna ba da wurin ɗaura waya, kuma suna raba shi da bango da kamar yatsa ɗaya. Wannan ɗan sararin shi ne ke hana laima, kuma yana ba ka damar leƙawa ka ga ko gara ta fara gini.

Yana ɗaukar tudu komai yawansa, fata da wuri da maɓalli duk suna zama. Ba ya fashewa idan ya faɗo. Ana share shi da busasshen tsumma. Hasararsa ita ce babu komawa baya, abin da aka liƙa aka shafe ya zauna har abada, don haka tsohon hoton iyali ko wasiƙar kaka ba nan ne wurinsu ba. A sa kwafinsu. Kuma yana cin kwana biyu ko uku na aiki da jira.

Firam mai gilashi

Shi ne mafi tsada, jikuna ake magana ba jika ba, kuma a kan ƙura babu kamarsa idan an rufe bayansa da kyau. Iri uku ne. Akwai na roba da ake shigowa da su a yanke, yawanci girman hoto ko A4. Suna da sauƙi, amma kusurwoyinsu suna buɗewa da zafi kuma dole aikinka ya bi girmansu. Akwai wanda kafinta zai haɗa, masu yanka gilashin taga su yanka masa gilashi. Hanya ta uku, mafi arha, ita ce tsohon firam na madubi ko na kalanda da ke jingine a gida, a sake masa fenti.

Abin da masu firam da yawa ba sa yi, sai ka faɗa musu, shi ne raba aikin da gilashin. Idan takarda ta manne da gilashi, damina ta zo, sai danshi ya taru a tsakani, kala ta kama gilashin, wani lokaci har fumfuna ta fito. A yanka kwali mai taga a tsakiya a sa tsakani, ko a liƙa siraran kwali a gefe. Bayan kuma a rufe shi da takardar siminti a liƙe gefuna, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta shiga ta zauna a ciki, inda tsumma ba ya kaiwa.

Nauyi abin lissafi ne. Gilashi mai kaurin milimita 3 yana da kilo 7 da rabi a kowace murabba'in mita, wato na A3 kaɗai ya kusa kilo ɗaya, ban da katako. A siminti ƙusar kankare ta isa. A bangon ƙasa sai dai a kafa turken itace mai zurfi ko a saukar da waya daga azara. Kada a rataye shi saman gado ko inda yara ke wasa. Kuma kada a ɗauka gilashi yana hana koɗewa: gilashin taga ba ya tare duk hasken da ke cin launi. Jarida tana yin rawaya saboda sinadarin itace da ke cikinta, hoton injin buga takardu na gida yana koɗewa, ko da gilashi ko babu, muddin rana na dukansu.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mannawa a bango | Kusan babu | Kwanaki | Mai sauƙi ƙwarai | Ɓata fenti, laima |
| Igiya da maƙalai | Ƙasa da jika | Watanni | Mai sauƙi | Ƙura, naɗewa |
| Leda a inji | Ƙasa da jika kowane shafi | Shekaru | Aikin mai shago | Zafi, ba a cirewa |
| Faifai ko tabarma | Matsakaici | Shekara ɗaya ko biyu | Ɗinki kaɗan | Gara, ƙura a saƙa |
| Allon katako da banish | Matsakaici, ya fi arha idan an haɗa kuɗi | Shekaru da yawa | Yana son haƙuri | Ba a cirewa, rawaya |
| Firam mai gilashi | Mafi tsada | Shekaru da yawa | Aikin kafinta | Fashewa, nauyi, danshi a ciki |

Wurin ratayewa

Kowace hanya ka bi, bangon da rana ke faɗawa ta ƙofa ko taga ba wurin takarda ba ne, haka ma wanda indararo ke zuba a bayansa, da kusa da murhu. Gidajen nune-nune suna sa tsakiyar hoto wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, amma wannan don mai tsaye ne. A ɗakin da ake zama a tabarma ko darduma, a sauko da shi, in dai hannun yaro ba zai kai ba. Mutane da yawa ba sa son hoton mai rai a ɗakin da ake salla, balle a bangon gabas. Aikin zayyana da siffofi da launi zalla ba ya tayar da wannan maganar. A kuma duba jarida kafin a sa mata almakashi, kada a yanka aya ko sunan Allah a bar guntu a shara.

Wanda ba ya son ƙusa ko kaɗan yana da kanta, saman kabad, ko alkukin tsohon ɗaki. Allon katako da ƙaramin firam duk suna tsayawa a jingine.

Wa ya dace da wanne

Idan yanzu ka fara kuma kana yin biyu ko uku a mako, igiya ce taka, da kwali a bayan kowane aiki. Kuɗin firam ka sayi gam da reza da shi.

Ɗalibi ko ma'aikaci a ɗakin haya, wanda zai iya tashi kowane lokaci: igiya a kan ƙusoshin da ka tarar, da allo ɗaya ko biyu a jingine. Gilashi ba ya son hawa mota zuwa wata unguwa.

Mai ɗakin ƙasa: faifai da tabarma don marasa nauyi, allon katako mai sanduna a baya don manya, duka a rataye da waya daga azara, a riƙa leƙa bayansu daga farkon damina har kaka.

Uwa mai tara aikin yara, ko malamar lakwal: leda ga na takarda zalla, ban da masu kalar kakin zuma.

Wanda aikinsa fata ce da ƙyalle da wuri: allon katako, babu wata shawara. Leda ba ta ɗauka, firam na kasuwa ba shi da zurfi.

Mai son sayarwa ko kai gudunmawar biki: allo mai banish idan aikin yana da tudu, gilashi idan a shimfiɗe yake, domin mai saye yana ganin gilashi ya ƙara daraja, kuma amarya za ta sa shi cikin jere.

Wanda ya sa abin da babu irinsa a cikin aikin, tsohon hoto, rubutun hannun mahaifi, tambarin wasiƙa na da: gilashi mai kwali a tsakani, a liƙa da kokon sitaci kaɗan ta gefen sama kawai, a rufe baya ruf, a rataye a bangon siminti na cikin gida da rana ba ta kaiwa. A buɗe bayan sau ɗaya a shekara, da kaka bayan ruwa ya ɗauke, a duba ko danshi ya shiga kafin a sake rufewa.